Igiyar Babban Rumbu

Shekaranjiya 'yata ta fari ta bar tuwo a kan wuta ta tafi kallon waya, sai da ƙauri ya cika gida har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Da na shiga madafa na same ta tsaye da muciya, ta ɗaga ɗaya hannun ta kare fuska. Ta san ni. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, ina da saurin hannu, duk wanda ya zauna da ni a nan Kaura Namoda zai ba ka shaida. Amma ƙaurin nan ya tare ni a bakin ƙofa, ya shaƙe ni, ya mayar da ni ƙauyenmu, shekarar da muka ci tuwo mai ƙauri tun daga rani har sabon gero ya nuna.

Ƙauyen namu yana gefen hanyar Zurmi, in ka bar kwalta ka taka kamar rabin sa'a. Gidanmu ne na ƙarshe ta gabas. Daga dangarmu sai gonaki, daga gonaki sai daji mai doguwar ciyawa da ke shanye mutum har kafaɗa. Babana malamin firamare ne a Kaura, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, yana jan a-kori-kura, yau wannan kasuwa gobe waccan, mutum ne mai kyauta da zafin zuciya, a wurinsa na yi gado. Saboda haka gidan a hannun mahaifiyarsu yake, Kaka, doguwar tsohuwa mai faɗin tafin hannu, wadda ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron hakimi, amma in ta ga yaro da ashana sai jikinta ya ɗauki rawa. An ce tun tana amarya ta ga unguwa guda ta ƙone. Ita ba ta taɓa ba mu labarin ba.

Da an gama girbi, ciyawa ta fara bushewa, sai Kaka ta ce lokacin aski ya yi. Baƙo zai ɗauka wanzami za a kira. Gida take nufi. Takan kwantar da taɓarya a ƙasa daga gindin danga, ta juya ta sau biyar, inda ta tsaya nan ne iyaka. Duk abin da ke tsakanin danga da iyakar, ciyawa ce, kara ne, ƙaya ce, ko busasshen kashin shanu, sai an kankare shi da fartanya har ƙasa ta fito fes, a kewaye gidan baki ɗaya. Kwana uku muke yi, bayanmu kamar zai tsinke. In an gama, sai ta tashe mu da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, iska ba ta motsa ba, ta kunna wa ciyawar da ke bayan iyakar wuta da hannunta, kaɗan-kaɗan, ba ta wuce tsawon tabarma biyu a lokaci guda. Mu kuma muna tsaye da ɗanyen reshen dogonyaro, da ta ɗaga hannu sai mu rufe wutar da duka. Kafin hantsi gidanmu ya sami zobe biyu, na ciki farar ƙasa, na waje baƙar toka.

Sauran dokokinta ba su ƙirguwa. Ba a jingina kara ko harawa a jikin danga, sai can nesa a fili. Ba a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa an tona da ƙafa. Randa biyu a bayan ɗakinta ba a sha, ba a alwala da su. Wuƙa tana rataye kusa da turken dabbobi, don ranar da ba za a sami lokacin kwance ƙulli ba. Jarkokin man Baffa kuwa, sai da suka yi wata guda ba sa gaisawa kafin ya yarda ya haƙa musu rami a gindin tsamiya, nesa da gida.

Mutane suna yi mata dariya. Maƙwabcinmu na arewa, ɗan kasuwar hatsi ne mai barkwanci, duk shekara in ya ga muna kankara sai ya tsaya da jakinsa ya ce, "Inna, an yi ma gida aski, saura kitso!" Shi karansa a jikin danga yake tara shi, har ya fi dangar tsawo. Kaka ba ta ɗaga kai daga fartanya. Ta ce, "Wuce, wanzaminka na nan tahe."

Amma abin da ta fi ji da shi igiya ce. Ɗakunanmu wasu soro ne, wasu Baba ya yi musu kwano, saboda haka jinka ta rage a kan rumbuna kaɗai. Rumbuna uku ne na ƙasa a kusurwar gida, ƙanana biyu na dawa da wake, sai babban na gero, wanda shi ne cikinmu na shekara, mu goma sha huɗu. Kowanne yana da jinka a kansa kamar malafa. Kaka ta ɗaure wa kowace jinka igiya tun daga ƙoƙuwa, ta sako ta ta baya har ƙasa, ta naɗe bakin a jikin turke. A gindin kowane rumbu akwai fallen kwano da dutse. Lissafinta shi ne, rumbun ƙasa ba ya cin wuta, jinkarsa ce ke kamawa ta rufta ciki a kan hatsi. In gobara ta taso, ko yarinya za ta iya fizge igiya, jinka ta faɗo, a ja ta nesa, a hau a rufe bakin rumbun da kwano. Na taɓa tambayarta, tunda an yi aski, igiya kuma ta mece ce? Ta ce, "Wuta iri biyu ta. Akwai mai tahiya, akwai mai tashi sama. Aski na mai tahiya na, igiya ta mai tashi ta."

Da kanta take tufka igiyoyin da rama, tana murzawa a cinya, kuma a cikin kowacce takan saka zaren tsohon baƙin zanenta, ya bi ta tun daga farko har ƙarshe. Wannan shaida ce, don kada wani ya ara ya ce bai sani ba. Duk ƙauyen an san igiya mai baƙin zare ba ta aro ba ce.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma ɗiban ruwa aikina ne. Rani ya yi nisa, rijiyar bakin masallaci ta ja baya, igiyar gugarmu ta daina kaiwa. Sauran 'yan mata duk an ƙara musu igiya a gida, ni kaɗai ke tsayawa ina roƙon aro, ana ja mini rai, ana ce mini jikar mai aski ba ta da igiya. Da na faɗa wa mahaifiyata, tana fama da tsohon ciki, ta ce in bari Baffa ya sayo a kasuwa. Baffa ya manta sau biyu. To ran nan da rana, kowa ya kwanta, Kaka tana ɗaki da ciwon gwiwa, na mirgina turmi bayan babban rumbu, na hau, na miƙa hannu iyakar tsawona, na yanke igiyar da wuƙar turke. Ta babban na zaɓa don ta fi tsawo. Ta bayan rumbu ce, fuskar danga, ba mai bi ta wurin. Na ce a raina kwana biyu ne, da Baffa ya sayo sai in ƙulla ta yadda take. Na ƙara ta a guga, na shafa mata laka don baƙin zaren ya ɓoye, ran nan har waƙa na yi a bakin rijiya. Kwana huɗu ke nan kafin wutar.

Ranar kasuwar Shinkafi ce, maza duk sun watse tun da safe, Baffa ya cika mota da buhuna da mutane ya tafi. Gari ya rage tsofaffi da mata da yara, sai 'yan samari kaɗan. Bayan azahar iska ta taso daga gabas, mai zafi, mai ƙarfi. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ga Kaka ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta ɗaga hanci. Ni ban ji komai ba. Abin da na gani shi ne shirwa, sun fi ashirin, suna shawagi wuri guda a kan daji. Kaka ta dube su ta ce, "Innalillahi." Sai kuma baƙar toka ta fara sauka a cikin garin da nake tankaɗewa.

Ban san yadda zan kwatanta maka ƙarar ba. Tun kafin ka ga harshen wutar kana jin ta, wani gurnani daga ƙasa, da fashewar kara tas-tas ba tsayawa. Sama ta yi ja, ta yi baƙi. Zomaye da gafiyoyi suka riƙa ratsa gonaki suna shigowa gari, ba su ko kallon karnuka. Na ga wata gafiya da wuta a bayanta, tana gudu tana kunna duk inda ta bi, ta shige cikin tulin karan maƙwabcinmu. Kafin a ce wani abu tulin ya tashi gaba ɗaya, danga ta kama, matansa suka fito da gudu ba mayafi, ɗaya da jariri a hannu, ɗaya da tukunyar da ba komai a ciki. Jakinsa yana ɗaure. Kukan jakin nan har yau ina jin sa, ya daɗe yana yi, sannan ya daina.

A gidanmu Kaka ta manta da gwiwa. Ta yanke igiyoyin awaki ta kora su yamma. Ta sa mata suka tsoma zannuwa a randunan nan biyu suka tsaya a jikin danga. Wutar ta taho a guje ta cikin gonaki, tsawonta ya fi mutum biyu, ta iso baƙin zoben nan ta rasa abin ci, ta durƙusa, ta rabu biyu ta bi gefe da gefe. Wallahi da idona na gani, askin da ake yi wa dariya ya tsayar da ita. Amma mai tashi sama ta riga ta taso. Guntayen ciyawa masu ci da wuta suna ta faɗowa a tsakar gida, a kan tabarma, a kan kawunanmu.

"Ku ja igiya!" Kaka ta daka tsawa.

Matar Baffa ta fizge ta rumbun dawa, jinka ta faɗo. Ƙanena ya fizge ta wake. Kaka da kanta ta zagaya bayan babban rumbu, ni ina biye da ita. Ta kai hannu jikin turke, ba komai. Ta ɗaga kai ta ga guntun igiya yana lilo can sama, inda hannu ba ya kaiwa. A daidai lokacin hayaƙi ya fara fita daga ƙoƙuwar jinkar. Ba ta tambayi kowa ba, ba lokacin tambaya ba ne. Ta ce, "Ɗauko tsani."

Tsanin namu gungumen itace ne mai tsaga-tsaga. Mahaifiyata ta yunƙura za ta hau, Kaka ta ture ta da gwiwar hannu, ta dubi cikinta ta ce ta koma baya. Ta ce da ni, "Riƙe." Na rungume gindin tsanin, tsohuwa ta hau. Kafin ta kai sama jinkar ta kama sosai. Ina kallo daga ƙasa, tartsatsi yana zubo mini a ka, ta sa hannuwanta biyu cikin wutar, ta kama jinkar ta ƙasa, ta yi kabbara ta tura. Jinkar ba ta tafi ba. Ta sake kamawa. Na ji ƙaurin gashi, na ji wani ƙaurin da ban taɓa ji ba, daga baya na gane na nama ne. A turawa ta uku jinkar ta kife ta faɗi ta waje, amma tsakiyarta ta riga ta rufta ciki. Kaka ta zura hannu har kafaɗa cikin bakin rumbun, tana ciro zangarniyar gero mai ci da wuta tana jefarwa, tana ciro tana jefarwa, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Sannan ta ce a miƙo kwano. Mahaifiyata ta miƙa, ta rufe bakin, aka miƙa dutse ta danne, aka miƙa jiƙaƙƙen zane ta toshe gefe. Wutar ciki ta rasa iska ta mutu.

Da ta sauko sai ta zauna a ƙasa ta jingina da rumbun, ta ɗaga hannuwan sama kamar mai addu'a, don ba inda za ta ajiye su. Fatar ta yi fari, ta kumbura, wani wuri ta tattare. Mata suka fasa kuka. Ta ce, "Ku yi shiru, hatsi na nan." Aka zuba mata ragowar ruwan randa a hankali, aka naɗe da farin ƙyalle mai tsabta, aka zaunar da ita a zaure ana jiran mota. Ni kuwa na maƙale a bayan ƙofa. Ba wanda ya dube ni, kuma na so ƙasa ta tsage in shige.

Gida huɗu suka ƙone ran nan, duk a gefenmu na gabas. Ba a rasa rai ba, amma maƙwabcinmu ya dawo ya tarar ba ɗaki, ba rumbu, ba jaki. Wajen la'asar sakaliya motocin kasuwa suka fara isowa, sun hango hayaƙi tun daga kwalta. Baffa ya diro ko kashe mota bai yi ba. Yana shiga zaure ya ga hannuwan mahaifiyarsa, ya tsaya, jijiyar wuyansa ta miƙe. Yana cikin tambayar yadda aka yi sai muka ji ihu daga bakin masallaci, ana tahowa.

Samari ne suka kamo wanda ya tada wutar. Wani saurayi ne daga ƙauyen gaba, mai farautar gafiya. Ya cusa wuta a rami don hayaƙi ya koro ta, iska ta ƙwace masa. An same shi a kwari yana ɓoye, da gafiya biyu rataye a ƙugu da kwalin ashana a aljihu. Sun biyo da shi ta rijiya, inda aka yi ta jan ruwan kashe gobara, suka tsinci gugarmu a yashe, suka cire igiyar suka ɗaure shi hannu da wuya. A haka suka jawo shi a ƙasa har ƙofar gidanmu, don a nan aka fi jin ciwo. Kafin su iso bakinsa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Maƙwabcinmu mai barkwanci shi ne a gaba, da guntun itacen da ya ciro daga ƙonannen ɗakinsa, yana duka yana kuka. Wani ya ce a kawo mai. Na ji da kunnena, kuma ba wanda ya ce a'a.

Baffa ya ratsa taron, ya kama ragowar igiyar da ke jan ƙasa, ya ninka ta biyu. Jiƙaƙƙiya ce, ta sha ruwan rijiya ta yi nauyi. Ya zuba wa saurayin a baya, riga ta tsage, jini ya biyo. Ya sake. Saurayin tun yana cewa "don Allah" har ya koma nishi. Ruwan rijiya kuwa ya wanke lakar da na shafa, duk sanda igiyar ta tashi sama ina ganin baƙin zaren yana bin ta.

Kaka ma ta gani. Ta miƙe daga zaure, hannuwa a sama cikin ƙyalle, ta fito. Taron ya buɗe mata. Ta sunkuya ta dubi igiyar da ke wuyan yaron, ta daɗe tana dubawa.

"Igiyag ga tawa ta," ta ce. "Ta babban rumbu. Ina kunka same ta?"

Wani ya ce a jikin guga, bakin rijiya. Baffa, idonsa a rufe da fushi, ya juya ya dubi saurayin, ya ce ashe har gida ya shigo ya yi sata, ashe da gangan ne. Ya ce a kawo man. Yaron ba ya iya magana, kai kawai yake girgizawa.

Ban san lokacin da na fito daga bayan ƙofa ba. Ba jarumta ba ce, kada ka ba ni abin da ba nawa ba. Na dai ga za a ƙone mutum a kan igiyar da ni na hau turmi na yanka, sai bakina ya buɗe da kansa.

"Ni ta, Baffa. Ni niy yanke ta. Guga ba ta kai ruwa."

Baffa ya dube ni, ya dubi hannuwan Kaka, ya sake dubana. Ban ga tasowar igiyar ba, saukarta kawai na ji, daga kafaɗa ta naɗe wuyana har ƙirji. Na faɗi, numfashina ya ɗauke. Tabon yana nan, in na sa riga mai faɗin wuya ana ganinsa. Ya ɗaga zai ƙara, na runtse ido. Na ji saukar duka, amma ba a jikina ba.

Kaka ce ta miƙa hannuwanta biyu a kaina. Igiyar ta sauka a kansu da duk ƙarfin Baffa, ta fizge ƙyallen, ta tafi da fatar. A nan ne ta yi ƙara, ita da ba ta yi ba a cikin wuta. Ƙara ɗaya, doguwa, har tsofaffin da ke bakin masallaci suka miƙe. Jini da ruwa suka ɗiga mini a fuska. Baffa ya saki igiyar, ya durƙusa, ya riƙa buga goshinsa da ƙasa yana cewa, "Inna, Inna." Maƙwabcinmu ya yar da itacen hannunsa.

Da ta sami numfashi sai ta ce, a hankali, kowa ya ji, "Ku kwance yaron mutane. Shi ya kunna ta a daji, mu munka buɗe mata ƙohwa. Wanda bai gaji da wuta ba yau, ya zaka ya dubi hannuna." Aka kwance shi, dattawa suka tafi da shi gidan mai gari, daga baya danginsa suka zo aka yi sulhu. Baffa ya ɗauki mahaifiyarsa kamar jaririya ya sa a gaban mota, ya tuƙa zuwa asibiti a Kaura yana kuka kamar yaro.

Wata biyu ta yi a can. Ma'aikatan sun ce ƙunar kaɗai da ta warke da sauƙi, saɓulewar fatar ce ta ɓata aikin. Ta dawo da hannun hagu a ƙanƙance, na dama kuma yatsu uku sun manne wuri guda. Ba ta ƙara riƙe fartanya ba, ba ta ƙara tufka ba, ko loma ba ta iya yankowa. Baffa bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba har ya bar duniya, kuma bai ƙara iya kallon idona ba, ni ma haka. Mu biyu muka raba hannuwan nan tsakaninmu, ni na sa su a wuta, shi ya ƙarasa.

Geron kuwa ya tsira. Na saman ya ƙone, sauran ya sha hayaƙi har ƙasa. Duk yadda aka wanke, aka surfa, aka shanya, tuwo ƙauri, fura ƙauri, kunu ƙauri. Amma mun ci, mu goma sha huɗu, har aka riƙa auna wa gidan maƙwabcinmu, wanda bai ƙara maganar kitso ba. Ran da Kaka ta dawo, mahaifiyata ta kawo tuwo ta zauna za ta ba ta a baki. Kaka ta kawar da kai, ta nuna ni da haɓa. Tun daga ran nan ni ce hannunta. Safe da yamma ni ke yanko loma in sa mata a baki, ina kallon yatsun nan a kan cinyarta. Na yi ta jiran ranar da za ta yi mini faɗa, ko ta tambaye ni dalili. Ba ta yi ba. Abin da take cewa kawai, "Yanko daga ƙasa, can ya hi ƙauri, bar ma yara na sama."

Da lokacin girbi ya zagayo, Kaka ta sa aka kawo rama, ta zaunar da ni a gabanta, ta koya mini tufka da baki, tana gyara ni da ƙafa. Cinyata ta yi ja, ta sale. Ta sa na yago baƙin zanenta na saka a ciki. Igiya huɗu ta sa na yi, na ce mata rumbuna uku ne. Ta ce, "Ta huɗu ta guga ta. Ki yi ta da tsawo."

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare, Allah ya jiƙanta, ya sa hannuwan nan su zama shaidarta. Ya kuma rufa mata asiri ba ta ga abin da ya biyo baya ba. Yau ba kowa a ƙauyenmu. Wutar da ta cinye babban rumbu a ƙarshe ba daga daji iska ta kawo ta ba, a kan babura ta zo, da bindiga a kafaɗa, ta tsallake aski ta shiga har tsakar gida. Wannan ba ta cikin iri biyun da Kaka ta lissafa mini. Muka tattara muka dawo Kaura, muka zama 'yan haya.

A nan ba jinka, ba rumbu, amma ban daina ba. Duk shekara ina kankare kangon da ke bayan katangarmu, ko da yake ba nawa ba ne. Bokitin yashi yana bakin madafa, tukunyar gas tana waje a inuwa, da an ɗauke wuta nake bi in kashe komai kafin a dawo da ita da ƙarfi. Mai sayar da fetur a kwalba da ya kafa teburinsa a jikin bangonmu, sai da muka kai gaban mai unguwa kafin ya matsa. A layinmu ana ce mini sarkin tsoro, yara suna dariya in na wuce da fartanya. Ba na ɗaga kai.

To shekaranjiya, 'yata tana tsaye a cikin hayaƙi, hannu a fuska, tana jiran saukar mari. Na kashe gas ɗin. Na kama hannun da ta ɗaga, na juya shi, na duba tafin, na duba bayan. Na karɓe muciyar na duba ɗayan. Lafiya lau, yatsu goma, kowanne a rabe da ɗan'uwansa. Ta ce, "Umma, bari in zubar in sake wani."

Na ce ba za a zubar ba. Na jawo kujera na zauna, na ce ta raba wa ƙannenta na sama, ni ta yanko mini daga ƙasan tukunyar.